Zinnira da Ake Kira Yelwa

Idan ka sauka a tashar Gwarzo da hantsi ka tambayi inda Zinnira take ajiye ƙwaryarta, sai a yi ta kallon juna. Amma ka ce Yelwa, ko mai faci zai ɗago kai ya nuna maka gindin darbejiyar da ke bayan rumfar masu shayi. Nan take zama da ƙorai biyu, ɗaya ta fura ɗaya ta nono, da ludayi da faifai. Doguwa ce, tana da wushirya, da wani ɗan tabo a gefen girarta ta hagu inda ɗan maraƙi ya taɓa harbinta tana ƙarama. Wushiryar nan da tabon nan su suka ja mata, domin ba don su ba da sai a ce zanen da ya jawo mata sunan Yelwa kama kawai ya yi da ita.

'Yar Malam Muntari ce na Getso. Kakanninsu sun bi shanu har suka gaji suka kafa bukka, bukkar ta zama soro, suka kama noman gero da dawa, amma har yau akwai garke a bayan gida. Malam Muntari yana da wa guda ɗaya, Bappa Haladu, wanda ke zaune a wani ƙauye ta wajen garin Jama'a. Tsakanin wa da ƙanen nan akwai ƙauna, akwai kuma kunya irin ta gidan da suka fito, kunyar da ta sa tun da suka yi gemu ba wanda ya taɓa jin ɗayansu ya faɗa wa ɗaya magana kai tsaye. In sun haɗu za su gaisa har ƙafa ta yi tsami, su tambayi ruwa, su tambayi gajiya, su tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan kowa ya tashi da abin da ya kawo shi a cikinsa. Mutanen gari suna yaba musu a kan wannan, su da ba a gidan suke kwana ba.

Bappa Haladu yana da ɗa, Badaruddeen, ana ce masa Badaru. A gidan Malam Muntari ya zauna lokacin da yake sakandare, kuma tun a lokacin hannunsa ba ya hutawa. Ya zana bangon zaure da gawayi, ya zana bayan littafin lissafi, ya zana ƙofar banɗaki. Duk macen da ya zana kuwa sai ta fito da wushirya. Zinnira takan yi kamar ba ta gani ba, amma in ta shiga ɗaki ita kaɗai sai ta yi ta murmushi.

Shekarar da ta gama makaranta, wata rana Bappa Haladu ya iso Getso da safe yana janye da jar karsana. Bai tsaya a zaure ba, ya zagaya baya, ya ɗaure ta a wani turke da ba kowa a cikin garken ƙanensa. Ya dawo ya sha ruwa, suka yi doguwar gaisuwarsu, ya tafi. Bai ce komai ba, kuma babu buƙatar ya ce. A danginsu haka ake tambayar aure tsakanin 'yan'uwa: karsanar gidan yaro ta kwana a turken uban yarinya ba a mayar da ita ba, to an ba shi. Daga nan saniyar ba ta barin garken sai ranar ɗaurin aure ta zama sadakin amarya, ko kuma mai ita ya aiko a kwance masa abarsa in an fasa. Uban yarinya ma yana iya kora saniyar gida da kansa, amma ba a taɓa jin ƙane ya yi wa wansa haka ba. Yaran gida suka sa wa karsanar suna Amarya. Zinnira ta yi murna ranar, murna ta gaske, domin tana son Badaru kuma ba ta taɓa tunanin wani ba shi ba.

Badaru ya tafi Kano koyon rubutun allon shaguna, ya ce da zarar ya tsaya da ƙafarsa za a yi biki. Da ya zo hutun farko bai zo da maganar biki ba, ya zo da wasu takardu na fotokwafi an ɗinke su da zare. Labarin zane ne, sunansa Ɗan Tsawa. Wani makiyayi ne mai kunya, Hambali, tsawa ta faɗa masa a daji da damina bai mutu ba. Tun daga ranar in ya ɗaga sandarsa sama wuta take saukowa ta kanta, yana tsallake kogi da taku ɗaya, yana jin kukan saniyar da aka sata ko tana bayan dutse. Yakan rufe fuska da baƙin rawani ya bi ɓarayin shanu. Akwai kuma wata mai nono, Yelwa, wadda take raina Hambali don ba ya iya haɗa ido da ita, tana kuma mutuwar son Ɗan Tsawa, ba ta san mutum ɗaya ba ne. Yelwa doguwa ce, tana da wushirya da tabo a gira ta hagu.

Samarin Gwarzo suka yi wa takardun nan rubdugu. Daga fotokwafi abin ya koma waya, daga waya ya koma hoton da ake manna wa babur da bayan mota. Ba a yi nisa ba aka daina kiran Zinnira da sunanta a tasha, kuma da farko abin ya yi mata daɗi. Wace budurwa ce ba za ta so a ce ita ce tauraruwar labarin da duk gari ke karantawa ba?

Sai dai Yelwa ba ta ga ta zama ba. A fitowar farko aka sace ta. Ɗan Tsawa ya ceto ta, ba a jima ba aka sake sace ta. An ɗaure ta a jikin kuka, an jefa ta tsohuwar rijiya, an kulle ta a rumbu an cinna wuta. Akwai lokacin da ta gane cewa Hambali shi ne Ɗan Tsawa, masu karatu suka ce to an zo wajen, sai wani boka ya ba ta nono mai magani ta wayi gari ta manta. Akwai lokacin da aka sa rana, aka taru a ƙofar gida, liman ya ɗaga hannu zai yi fatiha, sai shugaban ɓarayi ya auko da mutanensa a kan babura, ango ya zame ta bayan masallaci ya ɗaura baƙin rawani. Da aka zagayo aka sake sa rana, aka sake watsewa. Kowace fitowa kuma da hoto iri ɗaya take ƙarewa: Ɗan Tsawa a bakin gari ya juya baya, Yelwa a ƙofar gida da ƙwarya a hannu, shi kuma yana cewa, "Jira ni, Yelwa." A cikin zanen ba ta taɓa ƙara shekara ko ɗaya ba.

A nan ne mutanen Getso suka yi abin da su kaɗai za su iya yi. Tunda sun san Badaru ɗan gidan kunya ne, ba zai buɗe baki ya yi maganar aurensa a gaban manya ba, sai suka ɗauki zanen a matsayin bakinsa. Duk fitowar da ta zo, tsofaffin da ba su san boko ba sai a karanta musu, su gyaɗa kai su ce yaron ya aiko da saƙo, yana nan a kan bakansa. Bappa Haladu, wanda bai taɓa tambayar ɗansa yaushe ba, shi ma da wannan yake kwantar da hankalinsa. In wani baƙo ya ga Zinnira ya yi tambaya, amsa ɗaya ce: akwai saniya a garke. Kuma kowa ya san addini ya hana mutum ya shiga neman aure a kan neman ɗan'uwansa.

Haka shekaru suka yi ta turewa. Amarya ta haihu, 'ya'yanta suka haihu, har zuriyarta ta cinye rabin garken Malam Muntari. Ƙannen Zinnira mata aka aurar da su ɗaya bayan ɗaya, ita ta yi musu jere, ita ta yi musu wankan jego. Ita ce mai tatsa da safe, ita ce mai kai nono Gwarzo, kuma mafi yawan nonon da take sayarwa na zuriyar Amarya ne. A tasha direbobi na tsokanarta, "Yelwa, yau ba a sace ki ba?" Takan yi dariya ta miƙa ludayi, don mai sayar da fura ba ta ɗaure fuska. Amma abin yana cin ta. Ba rashin auren kaɗai ba, har da rashin wanda za ta kama ta ce kai ne ka tsare ni. Babanta bai hana ta komai ba, Bappa bai tilasta mata komai ba, Badaru bai taɓa cewa ba ya so ba. Kowa mutumin kirki ne, ita kuma tana nan inda aka ajiye ta.

Wata Babbar Sallah, tana dab da shekara talatin, ta tare Badaru a zaure bayan la'asar. Ya rame, ya sa tabarau, yatsunsa duk tawada.

"Yaya Badaru, aurena za ka yi ko ba za ka yi ba?"

Ya sunkuyar da kai yana zana wani abu da biro a tafin hannunsa. "Zinnira, ke ma kin san halin da ake ciki. Inda nake kwana fa shago ne."

"Ban tambaye ka ɗaki ba."

Ya ci gaba da zanensa.

"To in ba za ka yi ba, ka ce wa Bappa ya aiko a kwance Amarya. Shi ke nan abin da nake roƙo."

"Ni? In dubi idon Baba in ce masa ya je gidan ƙanensa ya kwance saniya? Haba Zinnira, ai gara ƙasa ta tsage in shige." Sannan ya ce, kamar mai ba da haƙuri, "Kuma kin ga masu karatu ba sa son a yi auren nan da gaske. Ranar da Hambali ya auri Yelwa, wa zai sake buɗewa?"

"Ni ba auren Yelwa nake tambayarka ba."

Ya ɗago ya dube ta. Ta daɗe tana jiran ya dube ta haka, amma da ta lura sai ta ga ba idonta yake kallo ba. Tabon girarta yake kallo, yana ɗan karkata kai, yana auna yadda haske ya sauka a kai. A nan ta gane cewa Badaru yana da matarsa tun tuni, a cikin takarda take, kuma ba ta tsufa ba ta tambayar komai. Zuciyarta ta yi sanyi, ba ta ma ji haushinsa sosai ba.

"To ka kashe Yelwa," in ji ta. "In ba za ka iya magana da baki ba, ka yi da biro. Mutanen garin nan biron suke saurara."

Wannan shi ne abu ɗaya da ta taɓa roƙonsa ya yi mata. Da damina ta kankama sabuwar fitowa ta zo: ambaliya ta ci gari, Yelwa ta shiga kogi ceton ɗan maraƙi, ruwa ya tafi da ita, Ɗan Tsawa ya iso a makare ya tarar da faifanta kawai yana yawo a kan ruwa. Getso ta ɗauka. Mata suka yi ta shigowa wajen mahaifiyarta, Inna Asibi, suna cewa sai haƙuri, wani abin ba rabo ba ne. Kowa ya fahimta: Badaru ya janye, kuma ya janye cikin ladabi, yadda ɗan gidan mutunci zai yi. Har aka sami masu yaba masa. A tasha direbobi suka koma ce mata marigayiya, ita kuwa ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi irinta ba. Tana tafiya tana jin kamar an sauke mata tulu daga ka.

A lokacin ne Lukuman ya yi magana. Mutumin Garo ne, mai sayar da maganin dabbobi, yana zagaya ƙauyuka da akwati a bayan babur yana yi wa shanu da awaki allura. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya mace. Ya daɗe yana shan furar Zinnira duk ranar da ya biyo ta Gwarzo, kuma shi kaɗai ne a tashar yake kiranta da sunanta, don bai taɓa karanta Ɗan Tsawa ba, ya ce idonsa ba ya jure ƙananan rubutu. Mutum ne mai sanyin magana, mai tsoron abin da Allah ya hana. Ya ce mata ya ji an ce maganarta da ɗan'uwanta ta warware, in haka ne yana so. Ta ce masa haka ne. Suka fara hira a gindin darbejiya, yana ba ta labarin 'yarsa, yadda take ƙin kitso, yadda take kwana da takalminta a hannu. Zinnira ta kama kanta tana tunanin irin kitson da za ta yi wa yarinyar.

Lukuman ya tura kawunsa wajen Malam Muntari. Malam Muntari ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ce ba shi da ta cewa, sai dai a ɗan dakata, Yaya zai aiko a kwance saniya. Can kuma Bappa Haladu yana jiran Badaru ya zo ya faɗa masa da baki, don zane dai zane ne, ba a kwance saniya a kan zane. Da zanen yana cewa a jira bai ga laifinsa ba. Damina ta wuce ana dakatawa.

A Kano kuwa masu karatu sun sako Badaru a gaba. Wasu na zagi, wasu na roƙo, wasu sun rantse sun daina buɗewa. Da gero ya isa yanka sai ga sabuwar fitowa: ashe Yelwa ba ta mutu ba, masunta ne suka tsamo ta can ƙasa, ta yi jinya a wani tsibiri ba ta san kanta ba. Ɗan Tsawa ya gano ta, ya dawo da ita ƙofar gidansu, ya miƙa mata faifanta. Shafin ƙarshe ba sai an faɗa ba.

Matan da suka zo jaje su suka dawo da guɗa. Ashe yaron ya sake shawara, ashe so bai ƙare ba, Allah sarki. Zinnira ta kira Badaru a waya, ya ce mata wallahi matsa masa aka yi, ita ma ta san da wannan yake ci. Ta kashe wayar tun bai gama ba.

Lukuman ya zo tasha, bai zauna ba, bai karɓi ludayi ba.

"Zinnira, ni ban san zane ba," in ji shi. "Amma mutane sun ce ɗan'uwanki bai janye ba, kuma na leƙa garkenku na ga saniyar tana kan turkenta. Ba zan yi nema a kan neman wani ba, ina tsoron haɗuwata da Allah. Ranar da ta bar garken nan ki kira ni. Ko ina tsakiyar allura zan ajiye in taho."

Ta bi ta wajen Inna Asibi, don 'ya ba ta yi wa uba irin wannan magana. Inna ta shiga turaka ta fito tana share ido da gefen mayafi. "Babanki ya ce a yanka shi ya fi masa sauƙi da ya kora wa Yayansa saniya. Ya ce ki ƙara haƙuri." Zinnira ta ce, "Inna, haƙurin nawa ne ya rage ban yi ba?" Inna ta koma bakin murhu.

Wata safiya, bayan ta gama tatsa kuma babanta ya tafi gona yankan dawa, Zinnira ba ta ɗauki ƙwaryar Gwarzo ba. Ta ɗauki sanda. Ta kwance Amarya, wadda yanzu ta tsufa, ƙahonta ya lanƙwashe, bayanta ya lotsa. Ta kwance 'ya'yanta da jikokinta duka, domin duk abin da saniyar tambaya ta haifa na tambayar ne. Ta koro su ta tsakiyar Getso da rana tsaka, mace baliga da sanda a kafaɗa. Maza a bakin masallaci suka bi ta da kallo, mata suka leƙo ta kan katanga. Ba ta kalli kowa ba. Rabonta da kora shanu tun tana yarinya, ƙaya ta soke ta, wani ɗan bijimi ya faɗa gonar wake sai da ta bi shi da gudu, amma ba ta tsaya ba sai ƙofar gidan Bappa Haladu, ana kiran azahar.

Yana zaune a kan buzu a inuwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa, ya tambayi babanta, ya tambayi Inna, ya tambayi aikin kaka, duk idonsa na kan shanun.

"Bappa, dukiyarka na kawo maka."

Tsohon ya dube ta. Idonsa ya kawo ruwa. "Muntari ne ya aiko ki?"

"A'a, Bappa. Ni na kawo kaina."

"To ni ban aika ba, shi bai aiko ba." Ya juya ya ɗaga murya cikin gida. "A ba su ruwa. A kawo wa yarinyar nan abinci, ta sha rana."

Bappa Haladu ba shi da garke. Ya sayar da shanunsa na ƙarshe tun shekarar da ya je Makka, turakun ma an tumɓuke an yi girki da su. Zinnira ta ga ba wanda zai miƙo igiya, sai ta ɗaure Amarya da hannunta a jikin bishiyar da ke ƙofar gidan, ta ja ƙulli biyu, sauran suka kwanta a kewaye da ita. Ba ta ci abincin ba. Ta sake durƙusawa ta yi sallama, ta fita bakin hanya ta tari ɗan acaɓa. Kafin ta hau ta kira Lukuman.

"Sun bar garken."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Yau ɗin nan. Bari in ɗauko Kawu."

Ta isa gida ta yi wanka, ta ciro wata atamfa da ta daɗe a ƙasan akwati, ta sa kwalli. Malam Muntari ya dawo daga gona ya tsaya a bakin garke ya ga rabin turaku babu kowa. Ya daɗe a tsaye. Bai kira ta ba, bai yi faɗa ba, ya je ya yi alwala. Da ya wuce ta ƙofar ɗakinta ta ga fuskarsa, ta rantse a ranta cewa sauƙi ta gani a ciki.

Abin da ba ta sani ba sai daga baya shi ne Bappa Haladu bai iya zama da saniyar a ƙofar gidansa ba. Duk mai wucewa sai ya tsaya ya tambaya. Barin ta a ɗaure yana nufin ya karɓa, ɗansa ya kunyata shi a gaban ƙanensa. Kora ta Getso kuma yana nufin ya yi magana. Sai ya tashi a hankali ya warware ƙullin, ya ce a bar baiwar Allah ta ɗan yi kiwo, ya shige gida ya rufe ƙofa. Amarya kuwa tun tana karsana take kwana a turke ɗaya, 'ya'yanta da jikokinta duk a can aka haife su. Ba ta tsaya kiwo ba.

La'asar ta yi sanyi babur ɗin Lukuman ya tsaya a ƙofar gidan Malam Muntari. Kawunsa ya sauko da ƙunshin goro a hannu, an naɗe shi da ganye. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure. Zinnira tana bayan ƙyaure tana jin komai. Aka fara gaisuwa. Aka tambayi hanya, aka tambayi mutanen Garo, aka tambayi yadda dawa ta yi a can da yadda ta yi a nan, aka yi ta'aziyyar wani tsoho da ya rasu tun bara, aka koma kan tsadar taki. Ita dai tana cewa a ranta ku yi ku faɗa, don Allah ku yi ku faɗa. Kawu ya yi gyaran murya, ya matso da ƙunshin gabansa, ya ce, "To, Malam, dama abin da ya kawo mu…"

Sai aka ji kukan saniya daga bakin lungu.

Amarya ce a gaba, tana tafe a hankali tana jan igiyarta a ƙasa, sauran na biye da ita a jere. Suka wuce ta gaban tabarma, suka ratsa gefen babur, suka zagaya baya. Kowace ta je ta tsaya a turkenta. Malam Muntari ya tashi kamar mai ciwon baya, ya bi su, ya sunkuya ya ɗaure Amarya, don ba a barin saniya a sake da magariba. Kawu ya jawo ƙunshin goron ya tura shi ƙarƙashin babbar rigarsa.

Lukuman ne ya rufa wa kowa asiri. Ya tashi ya kwance akwatinsa daga bayan babur, ya ce, "Dama zagayen allura nake, Baba, na ce bari in biyo in duba muku su." Malam Muntari ya ce madalla, an gode, Allah ya yi albarka. Sai dai Amarya ba ta tsayawa kowa ya taɓa ta in ba mai tatsarta ba, dole aka kira Zinnira.

Ta fito da sabuwar atamfarta da kwallinta, ta shiga cikin kashin shanu, ta kama ƙahon Amarya ta danne kanta a jikinta. Lukuman ya zuƙi magani, bai ɗago ya dube ta ba. Da ya matso kusa ya ce ƙasa-ƙasa, "Allah ya gani na zo, Zinnira."

"Na gani," in ji ta.

Ya yi musu allura ɗaya bayan ɗaya, tana riƙe masa kowace, har suka ƙare. Ya wanke hannu, ya ɗaure akwatinsa, Kawu ya hau baya yana dafe da rigarsa. Ta tsaya a bakin garke tana jin ƙarar babur ɗin har ta daina jin ta. Hawaye na zuba, ba ta share ba, don hannunta duk ƙazanta ne.

Malam Muntari ya zo ya tsaya kusa da ita, yana kallon shanun, ba ya kallonta. Ya buɗe baki ya rufe. Can ya ce, "Sun sha tafiya yau. Gobe ki yi musu a hankali, nonon ba zai yi yawa ba."

"To, Baba," in ji ta.